Dodon Iya da Dodon Takarda

Wata Juma'a ce da bazara, zamanin Turawa, ana zafin da na rantse ko ƙwai ka ajiye a tsakar gidanmu na Zoza sai ya dahu kafin ka juya. Muna ƙarƙashin tsamiya muna langa sai ga Ilu, ɗan wan babana, ya dawo hutu daga makarantar boko ta Karaye, yana tafe yana ɗaga kafaɗa kamar shi ya gina garin. A hammatarsa akwai wani littafi da malaminsu ya ba shi aro, an naɗe shi da tsumma. Da ya buɗe, sai muka ga tatsuniyoyi ne da hotuna. Mu da ban da allo ba mu taɓa ganin rubutu ba, ga kura a takarda, ga zomo, ga yarinya da tulu. Muka yi ta turereniya har Hansai, autar gidanmu, ta faɗa kan kashin jaki ba ta ma sani ba.

A gidanmu tatsuniya ta Iya ce, kakarmu ta wajen uba, kuma ba ta yin ta a banza. Gyaɗar sayarwa a turmi ake sussuke ta a kai sikeli a Rogo, amma ta iri da hannu ake ɓarewa don kada ta farfashe, aikin kuwa na yara ne. Bayan an ci tuwo Iya za ta sa a zube gyaɗar a tabarma, mu kewaye ta, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Muddin tana jin ƙarar ɓawo labari na tafiya. Hannu ya tsaya, bakinta ya tsaya. Duk shekara tatsuniya ɗaya take ja tun daga buhun farko, ba a jin ƙarshenta sai ranar da aka ɓare ƙwayar ƙarshe. Ni da ta kan kira Maigida saboda sunan kakana gare ni, rabin gyaɗata a cikina take ƙarewa, shi ya sa kullum take cewa ta auri gafiya.

Ta wannan shekarar labarin wani yaro ne mai kwaɗayi da ya shanye furar dodo, ya kuma gudu da ludayinsa. Dodo ya biyo shi gari gari, ba ya gudu, ba ya faɗa, abin da kawai yake cewa shi ne a ba shi ludayinsa. Iya ba ta taɓa gaya mana kamannin dodon ba, don haka kowa da nasa. Nawa kansa ya wuce rimi, haƙoransa kamar garma. Yaron kuwa kullum sauya kama yake yi. Ranar da na saci ƙuli-ƙuli, sai ga shi da giɓi a haƙoran gaba irin nawa. Ranar da Hansai ta zagi yayarta, sai muryarsa ta zama siririya. Iya ba ta cewa ga darasi. Za ta dai juyo da fuskarta wajenka, kai kuma ka kwana kana tuba.

A littafin Ilu ma akwai dodo, a wani labarin dabam. Amma da muka gan shi sai dariya ta kashe mu. Wani ɗan guntu ne mai tumbi, da wando iya gwiwa, sak Ɗanlami mahauci in ya ƙoshi. A ƙarƙashin kowane labari kuma an rubuta darasinsa ƙuru-ƙuru, Ilu ya karanta mana da muryar malamai, kada a yi sata, kada a yi rowa. Mu ce to, mu roƙe shi ya buɗe gaba. Yaron cikin hoton bai yi kama da kowa ba, saboda haka ba wanda ya ji kunya. Ga shi da rana tsaka ake karantawa, alhali Iya ta sha gaya mana mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Muka jira Ilu ya ɓace, bai ɓace ba.

Da daren ranar Iya ta kawo dodo har ƙofar zauren gidan su yaron. Ta rage murya, ta ce ya ɗaga hannu zai taɓa asabari. Da can nan ne wurin da muke ƙanƙame juna. Sai Hansai, da zuciya ɗaya, ta ce, "Iya, naki dodon ma yana sa wando?" Muka fashe, har da masu birgima cikin ɓawo. Iya ta jira muka gama, ta tambayi inda aka ga dodo da wando, aka gaya mata. Washegari ta sa Ilu ya kawo littafin bakin ɗakinta. Idonta ya riga ya yi yana, ta kai shi dab da hanci, ta shafa hoton da yatsa ta daɗe. Sannan ta miƙa masa ta ce, "Wannan ai ɗaure shi aka yi. Nawa yawo yake."

Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi da mun san yadda za mu lallashe ta. Ta gwada ci gaba sau ɗaya, amma da ta ambaci dodo sai wani ya kumbura ciki yana kwaikwayon Ɗanlami. Daga nan ta ce maƙogwaronta na ciwo. Muka ƙarasa gyaɗar shiru, ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas. Ranar da aka gama na bi ta ɗaki na ce mata, matata, ai miji ba a ɓoye masa ƙarshen labari. Ta yi murmushi ta ce in bari sai baɗi, in mun manta da mai wandon. Hutu ya ƙare, Ilu ya mayar wa malaminsu littafi. Iya kuma zazzaɓi ya kwantar da ita da damina, aka binne ta tun gyaɗar da muka ɓare ba ta yi fure ba.

Na tambayi gwaggonnina, na tambayi tsofaffin Gwangwan, garin da aka haife ta, ba wanda ya san labarin. Ashe ita take ƙirƙirar abinta. Yau inji ke ɓare gyaɗa, jikokina kuma suna da littattafai masu hotuna kala-kala da ba sa ko buɗewa. Wani lokaci nakan tara su in ba su labarin ludayi, in kai shi ƙofar zaure in tsaya. Na ƙirƙiri ƙarshe iri-iri, ni da ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba, amma ko ɗaya bai zauna ba. Su kan tambaye ni yaya dodon yake, in ce ban sani ba, sai su tashi. Har yau yana can tsaye a ƙofar zaure, hannunsa a kan asabari.