Ranakun da Iya Ba Ta Cin Tuwo

Ba kullum Iya take yi mana tatsuniya ba. Sai ranar da muka ji ƙamshin kanumfari a bakinta.

Iya ita ta haifi babanmu, kuma a ɗakinta muka tashi ni da yayana Lawal, a wani ƙauye da ke kan hanyar Mai'adua. Mace ce da ba ta son surutu. In ka dame ta da roƙon tatsuniya sai ta ce, "Ni rediyo ce? Ku tashi min a kai." Amma akwai ranakun da za a idar da sallar magariba, a kwashe tuwo, a kawo mata nata, ta buɗe kwanon ta dube shi, sannan ta turo mana. "Ku ƙara da wannan, ni na ƙoshi." Daga nan sai ta ja 'yar kujerarta zuwa bakin murhu, ta ɗora wani tsumma a kan dutsen murhun, in ya yi ɗumi ta ɗauka ta dafe kumatunta da shi. Lawal yakan matsa kusa da ita kamar mai neman wani abu, ya shinshina, ya dawo ya raɗa min, "Hajara, yau akwai."

A wurinmu ranar sa'a ce. Ga ƙarin tuwo, ga tatsuniya.

Ita ba ta buɗewa yadda kowa yake buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofar gida." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Da gefen baki ɗaya take magana, a hankali, wani lokaci ta tsaya tsakiyar zance ta rufe ido, mu yi tsit muna jira. Mun ɗauka gwaninta ce, tana ja mana rai ne.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta Akuya. Ta ce a da can Akuya haƙoranta cike suke sama da ƙasa, farare tas, in ta yi dariya har Saniya sai ta kau da kai don hassada. Rannan haƙorin sama ɗaya ya fara ciwo. Ta ci ganye, ta kurkure da kanwa, a banza. Sai ta bar 'ya'yanta a wurin maƙwabciya ta tafi neman magani.

Ta ƙetare kogi ta shiga ƙasar tsuntsaye. Can akwai tsuntsun nan mai ƙwaƙular itace da baki, shi ke ƙwaƙule ruɓar haƙori ya cike ramin da kakin zuma, ya tsaya daram. Ya duba ya ce zai gyaru, amma su kuɗin ƙasarsu gashin tsuntsu ne. Akuya ta koma bakin kogi wurin Jemage, wanda shi ke canji tunda yana da dangi ta kowane gefe. Jemage ya ce gashin tsuntsu ɗaya sai an aske ta kaf, ita da 'ya'yanta, ga shi sanyi na tafe. Ta ce a bari tukuna.

Ta nausa gabas har ƙasar Giwa. "Wannan ƙasa," in ji Iya, "ba gyara suke yi ba, dasa maka sabo ake yi, na haure, ya fi wanda aka haife ka da shi." Aka shimfiɗa wa Akuya darduma, aka ba ta ruwan sanyi, aka ce ladan aiki kaɗan ne: nononta na shekara guda. A nan Iya takan juya tsumman a kan dutse.

Akuya ta dawo gida. A bakin kasuwar garinsu akwai Biri maƙeri da awartakinsa. Shi ba ya tambayar komai, gyaɗa cikin tafin hannu ta ishe shi. Ya danne ta da gwiwa ya fizge haƙorin. Baɗi na kusa da shi ya kama, ta koma wurin Biri. Haka haka har na sama na gaba suka ƙare. "Shi ya sa," Iya ta ce, "in kun ga Akuya da yamma ta kwanta tana tuƙa, babu komai a gabanta, yi take don 'ya'yanta su ɗauka ta ci."

Lawal, da yake bakinsa ba ya shiru, ya taɓa cewa, "To Iya, ta sayar da ɗa guda mana, ai tana da su da yawa." Iya ta kai masa duka da tsumman. "Ka ji min ɗan banza! Wanne za ta sayar, kai ko Hajara?" Muka yi ta dariya. In ta gama sai ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Ku kuma gobe kowa ya yi asuwaki." Washegari muka kama akuyar gidan muka ɓare mata baki, wallahi babu haƙoran gaba a sama. Daga ranar ba mu sake musu da Iya ba.

Iya ta rasu ina ajin ƙarshe na firamare. Haƙoran da suka rage mata ba su kai a ƙirga ba. Ranar kasuwa take tafiya wurin wani wanzami, ta dawo da gefen mayafi a baki, mu ko a jikinmu.

Yanzu ina zaune a cikin Daura, ɗinki nake yi a gida. Maigidana ya rasu, keken ɗinkin nan shi ne cinmu, shi ne makarantar yara. Haƙoran ciki biyu na riga na rasa, ban damu ba tunda ba a gani. Bana sai na gaba ya kama, na sama, wanda in na buɗe baki shi ake fara gani. Na yi ta fama da ruwan gishiri har kumatu ya kumbura, ido ya fara ƙanƙancewa, sannan na tafi asibiti.

Ina sa ƙafa a ɗakin likitan haƙori sai wani ƙamshi ya bugi hancina. Kanumfari. Kafin in yi tunanin komai na ji raina ya yi fari, kamar za a turo min kwanon tuwo. Na tambayi ma'aikaciyar da ke wurin, ta ce ai man kanumfari yana cikin kayan aikinsu, yana kwantar da zogi. Na zauna a benci riƙe da kumatu. A nan, ina da 'ya'ya uku, na gane abin da ke sa Iya ta rufe ido a tsakiyar zance. Na so in yi kuka, bai zo ba. Na bi layi kawai.

Likitan yaro ne mai kirki. Ya duba ya ce, "Hajiya, wannan haƙorin bai mutu ba. In aka wanke jijiyar aka cike, aka sa masa hula, zai kai ki tsufa. Amma mu nan ba mu da kayan aikin, sai Kano ko Katsina." Ya faɗi abin da ake biya. Ni dai sai na ga keken ɗinkina a idona. Ya ba ni maganin kumburi ya ce in je in yi shawara.

Na kira Lawal, wanda yanzu yake ɗaukar kaya a babur a Kongolam, can bakin iyaka. Ya ce, "Akwai wani a Damagaram, hannunsa da kyau, mutanenmu da can suke zuwa. Amma Hajara, kuɗinsu na sefa ya yi mana nisa. In kika canza kuɗinki a bakin iyaka, abin da za a miƙo miki sai kin ji kunya." Na ce, "Ka gaishe da Jemage." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya ce zai ga abin da zai iya. Na san abin da zai iya, shi ma bakin mutum bakwai yake ciyarwa.

Akwai wata Hajiya Binta da nake yi wa ɗinki, ta zo karɓar kaya ta gan ni da kumatu. Ta buɗe baki ta nuna min nata. A Masar aka dasa mata, da ƙusa a cikin ƙashi, ba ka bambanta shi da na Allah. Ta ce har Turawa ta gani a layi, wai su ma tsadar ƙasarsu ce ta koro su. "Ke dai ki daure ki je, can araha ne." Na ce, "Allah ya ba da iko, Hajiya." Ba da mugunta ta faɗa ba. Araha ce a wurin wanda ya riga ya hau jirgi. Na gama mata kalmasa, ta tafi.

Wani mai gyaran keke ya zo ya taya kekena. Abin da ya bayar zai kai ni Kano ya gyara haƙorin, in dawo da murmushina in zauna babu abin yi. Ban yi dogon tunani ba, gaskiya. Ba jarumta ba ce kuma. Na rufe keken da zane na ce ba na sayarwa ba ne.

Da kumburin ya sauka na koma. Likitan ya ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Cire." Aka yi min allura, leɓena ya zama kamar na wani. Na ji ƙarar abin a cikin kaina, ban ji zafi ba, ban ji baƙin ciki ba. Ya fi Biri tausayi nesa ba kusa ba, har sannu ya yi min. Ya kuma ce na kusa da shi ma ya fara taɓuwa, in kula.

Muna yara mun ɗauka darasin shi ne a yi asuwaki. Da na girma na ɗauka cewa take gida ya fi ko'ina. Yanzu ban ga ko ɗaya ba. Iya ba ta taɓa cewa tsuntsu maƙaryaci ne ko Giwa azzaluma ce ba, aikinsu mai kyau ne, ta faɗa da bakinta. Ta san maganin yana nan, ta san inda yake, ta san ba nata ba ne. Abin da ya rage mata shi ne yadda za ta wuce lokacin cin tuwo ba tare da an kalli bakinta ba.

Da magariba allurar ta sake ni. Na tauna kanumfari ta ɗaya gefen, na ɗora tsumma a murfin tukunya a kan murhun gawayi. Babbar 'yata ta kawo min tuwo, na buɗe na duba na tura musu. Na ce na ƙoshi. Suka tsura min ido, ƙaramar, Ummi, tana leƙen giɓin. Sai na ji bakina ya ce, "Ga baƙuwa a ƙofar gida." Na koya musu amsar. Iska tana fita ta giɓin, wasu kalmomin suna zama kamar fito, suka yi ta dariya suna cin tuwo.

Da baƙuwa ta naɗe tabarmarta, Ummi ta suɗe hannu ta kwanta a cinyata.

"Mama, gobe ma ki ƙoshi."

Na ce mata to.