Alwalar da Ba Na Ji a Hannuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu na tambaya ko na bar Gummi ne. Ina nan. Jinya na yi, kuma har yau ban san ta inda ake fara ba da labarinta ba.

Wani tabo ne fari-fari ya fito mini a hannun dama, ƙasa da gwiwar hannu. Ba ƙaiƙayi, ba zafi. Na ɗauka ƙyasbi ne.

A wurin alwala na gane ba haka ba ne. Ko'ina ina jin sanyin ruwa, ban da wurin nan. To ruwan ya kai ko bai kai ba? In bai kai ba, ina alwala? In babu alwala, ina salla?

Sai in sake. In cuɗa, in sake. Buta ta ƙare in ɗebo wata.

A asibiti wani ma'aikaci ya ce in rufe ido, ya ɗauko auduga. "Malama, kin ji?" Na ce, "Ka taɓa ne?" Ashe ya taɓa. Aka ɗan tsaga fatar kunnena aka kai gwaji.

Kuturta.

Ya yi bayani mai yawa. Ya ce ana warkewa, maganin kyauta ne, kuɗin mashin kawai za mu riƙa nema duk wata. Sauran maganar ban ji ba, kaina ya tafi wani wuri.

Ranar da na fara shan ƙwayoyin fitsarina ya koma ja. Ni da na daina al'ada tuntuni. Jini ne? In bar salla ko in yi? Na bari, na ji tsoro na rama, na koma ina shakkar ramuwar. Hukuncin mai yawan shakka na karanta shi tun ina yarinya, har na koya wa mata. Da ya zo kaina na neme shi na rasa.

Barci ya gudu. Abinci ba ya shiga. Fatata ta yi duhu saboda maganin, na daina leƙa ƙofa. Na fara tunanin ko Allah ya ƙi karɓar tsayuwata ne shi ya sa ya ɗauke mini ji.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga Bukkuyum ta same ni a tsugune.

"Ke ɗiyar nan, mi kike wankewa tun ɗazu? La'asar ta kusa fita, ke kina bakin buta. Rijiyar za ki ƙarar muna?"

Na fashe da kuka. Na ce, "Inna, ban san ko ina salla ba."

Ita ta mayar da ni asibiti. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni, ba ta ko dubi tabon ba. Barcina ta tambaya, da cina, da kukana. Ta ce jan fitsarin aikin magani ne. Ta ce damuwa da waswasi su ma ciwo ne, suna yawan biyo wannan cutar, kuma ana kula da su. Na riƙa zuwa muna magana. Ita ta ce tunda fatar ba ta ba ni labari, in samu wanda na yarda da idonsa.

Inna ta jawo kujera. Duk alwala tana gabana.

"Ya jiƙe, na gani. Shafi kanki."

"Inna, in ƙara sau ɗaya?"

"Kin ƙara in ɗauke butar. In da zunubi, nawa na."

Haka muka yi ta yi. Wata rana in iya, wata rana in kasa.

Yanzu na gama magani, an ce cutar ta tafi. Jin bai dawo duka ba, kuma an gaya mini ba lallai ya dawo ba. Har yanzu ban fahimci yadda ɗan tabo ya kusa tafiya da hankalina ba. Amma ina alwala ni kaɗai, in duba da ido, in tashi in yi salla. Alhamdulillahi.

Allah ya saka wa Inna da ma'aikatan nan da Aljanna, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Wanda ya ga tabon da ba ya jin taɓi, ya je asibiti da wuri, kuma ya tafi da wani ya saurara masa bayani. A faɗa wa ma'aikatan har abin da ke cikin zuciya. In kuwa kun ga naku ya daɗe a bakin buta, kada ku laƙaba masa hauka. Ku jawo kujera ku zauna kusa da shi.