Inci Talatin da Shida

Mai Agogo ya shekara talatin da ɗaya a shago guda, wani ɗan tsukuku tsakanin tela da mai sayar da fenti. Ya koyi aikin tun zamanin da ake murɗa agogo kowace safiya, mutum ya kara shi a kunne ya ji yana numfashi. Cutar shan-inna ta kama ƙafafunsa yana ɗan shekara huɗu, amma ta bar masa yatsun da ke ɗauko ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba. Baki ne kawai ba ya hannunsa. Ba bebe ba ne, yayarsa ce ta riƙe masa bakin tun suna yara. A asibiti ita ke faɗin inda ke masa ciwo. Ko sukari aka tambaye shi cokali nawa, ita ke cewa biyu.

Wata shekara masu aikin titi suka haƙa lambatu a gaban shagunan, suka ɗora katako mai faɗin inci ashirin. Kekensa mai ƙafa uku kuwa inci talatin da biyu ne. Wata huɗu tela da mai fenti ke ɗaukarsa cak su tsallakar da shi. Ranar da ɗayansu bai fito ba, shago a rufe yake wuni. Har ya fara tunanin mayar da makulli.

Ana cikin haka ƙungiyar masu naƙasa ta shirya horon kwana uku a wani ajin firamare, aka ce kowa ya zo da ɗan'uwa ɗaya. Mai koyarwar makauniya ce, Malama ake ce mata, kayan aikinta kofin ƙarfe da cokali. Duk ɗan'uwan da ya amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba, sai ta buga.

"Mai Agogo, me ke damunka?"

"Lambatu ne, Malama," in ji Yaya. Ƙwal!

"Shi na tambaya."

"Ai Auta kunya gare shi, ni ce dai..." Ƙwal!

"Malama, ki nemo kofi na biyu, wannan ba zai kai jibi ba," in ji wani mai sanduna daga baya. Aji ya kwashe da dariya. A ranar sau goma sha ɗaya aka buga wa Yaya, Mai Agogo ne ya ƙirga.

Darasin Malama gajere ne: ka nemi abu ɗaya, wurin wanda ke da ikon yinsa, cikin minti uku, ba kuka ba tarihin kakanni. Da ya ji minti uku, sai Mai Agogo ya gyara zama. An zo gidansa. Ya ajiye agogo a cinya ya yi ta gwaji, murya na rawa, har ta daina.

Ranar Litinin suka je ofishin ayyuka. Jami'in ya tsallake shi da ido ya dubi Yaya.

"Hajiya, me yake so?"

Yaya ta gyara mayafi ta ja dogon numfashi. Mai Agogo ya san wannan numfashi, rabin awa ne a cikinsa. Ya zaro ƙaramar sukudireba daga aljihu ya taɓa kofin shayin jami'in. Ƙwal! Bakin Yaya ya rufe kamar an ja zif.

"Ranka ya daɗe, ni ne mai shagon. Katakonku inci ashirin, kekena talatin da biyu. Ina neman murfin siminti mai talatin da shida, kafin ruwa ya sauka."

Jami'in ya ɗauki biro. "Huɗun da ka ƙara fa?"

"Na hannuwana ne, ranka ya daɗe. Da su nake tuƙi."

Minti biyu da daƙiƙa arba'in. Sai da ya koma ofishin sau uku, shi kaɗai, sannan aka zuba murfin. Ranar da ya fara haye shi da kekensa, Yaya na tsaye tana kallo, ta riƙe haɓa.

"Auta, ashe surutu gare ka haka?"

"Shekara hamsin nake tarawa, Yaya."

Da aka kawo shayi ya ce cokali ɗaya. Dama bai taɓa son biyu ba.