Hakin da Ya Kama Manu a La Paz

A rugar su Manu, kusa da Sule Tankarkar, kowa ya san babu wanda ya kai shi tafiyar ƙasa. Tun yana saurayi shi ake turawa da shanu Damagaram idan damina ta kankama, ya je ya dawo, ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Da shanun suka ragu sai ya koma yi wa mahauta yanka a kasuwar Maigatari, domin ya yi karatun allo, kuma hannunsa ba ya rawa. A nan wani dillali ya ba shi labarin ana neman Musulmi masu yankan kaji a Brazil. Ya bar matarsa A'i da 'yarsu a hannun Bappa, ƙanin mahaifinsa, ya tafi.

Aikin bai ba shi wuya ba, tsayuwar ce ta ishe shi. Wuni guda a wuri ɗaya cikin ɗaki mai sanyi, kaji na wucewa a rataye, shi yana bisimilla. Wanda ke tsayawa kusa da shi wani mutumin Bangladesh ne mai suna Habibullah, mai son yawo, kuma da guntun Fotugis ɗin da suka tsinta suke hira. Da hutu ya zo, Habibullah ya ce su ɗauki jakar goyo su shiga mota su je Bolibiya. Manu ya ƙi, sai da ya ga hoton wata dabba a wayar Habibullah, mai wuyan raƙumi da gashin tunkiya, ana ce mata lama. Ya tambaya ko kiwonta ake yi, aka ce masa garke-garke. Washegari ya sayi jaka.

Bayan kwanaki suna sauya mota suka isa La Paz. Garin yana cikin kwari kamar ƙwarya, gidajen jan bulo sun manne a bangonta har baki, bayansu duwatsu masu farin kai. Masaukinsu yana ƙarshen wani titi mai hawa. Manu ya goya jakarsa ya kama hanya, bai yi nisa ba ya tsaya. Yana jan iska, amma kamar ba ta kaiwa ciki. Tsofaffin mata masu malfa da manyan siket suna wuce shi da kaya a baya, ko kallonsa ba sa yi.

Ya san wannan hakin. Da shi ciwon mahaifinsa ya fara, yana jingina da bango tsakanin ɗaki da rijiya, bai kuma ga wata damina ba. Shekarunsa a lokacin ba su wuce na Manu a yanzu ba.

Habibullah ya ce baƙi kan yi ciwon kai a garin saboda tudu, shi ma yana ɗan ji. Manu ya gyaɗa kai kawai. Ciwon kai daban, ƙirji daban, ga shi abokin nasa yana hawa da sauka yana ɗaukar hoto. Bai gaya masa komai ba. Idan numfashi ya ƙare masa sai ya tsaya gaban shago kamar yana duba kaya. Idan ya yi sujada kansa ya riƙa bugawa kamar ana daka. Da suka shiga wasu akwatunan ɗaukar fasinja masu tafiya a kan igiya ta saman gari, ya leƙa ƙasa ya hangi wata babbar maƙabarta, sai ya kama tunanin wa zai yi masa wanka a garin da bai ji kiran salla ba tun zuwansa.

Da safe ya kira A'i. Tana Gagarawa Tasha wajen sunan ƙanwarta, yana jin hayaniyar mata da ƙarar tukwane. Ya fara ba ta labarin garin, ta katse shi.

"Malam, gudu kake yi?"

Ya ce a zaune yake. Ya ji ta fita daga cikin mutane.

"Irin numfashin marigayi Baba nake ji," in ji ta.

Ya ce gajiyar mota ce, ya yi sallama da sauri don kada ta ƙara ji.

Ranar ce za su fita ganin makiyayan lama. Ya so ya ce ba zai je ba, kunya ta hana shi, tunda saboda dabbar ya zo. Motar ta yi ta hawa har itatuwa suka ƙare, waya ta daina kamawa, aka fito wani fili fetal mai sanyi da gajeriyar ciyawa. Ga garken can. Manu ya sauko ya nufe shi, kafin ya kai ya zube yana amai.

Mai garken wata tsohuwa ce. Ta durƙusa ta dubi leɓensa da faratansa, ta yi wa direba magana da faɗa-faɗa, ta zuba masa shayin ganyen koka daga gorarta. Manu ya kau da kai, don ya ji ana cewa da ganyen ake yin hodar iblis. Habibullah ya riƙe masa ƙeya ya ce ganye ne kawai, kuma lalura ce. Ya kurɓa. Direban ya ce shayi ba zai isa ba, iskar wurin ce ba ta ishe shi ba, dole a sauke shi ƙasa yanzu, ba gobe ba.

Hanyar gangara ta yi ta murɗewa a gefen dutse cikin hazo, Manu na kwance a kujerar baya yana maimaita kalmar shahada. Bai yarda da maganar direban ba, ya ɗauka lallashi ne irin wanda ake yi wa mara lafiya. Sai ya fara ganin itatuwa ta taga, daga baya ayaba, iska mai ɗumi ta shigo, ƙirjinsa ya riƙa buɗewa a hankali. Kafin su isa wani ƙaramin gari a ƙasa ya tashi zaune yana neman abinci.

Da waya ta kama, kiran A'i ne ya fara shigowa. Ashe ta bar wajen suna tun kafin a ci abinci, ta je ta gaya wa Bappa. Bappa ya tara malamai, an yanka akuya an yi sadaka, dangi har daga Gumel sun zo jaje. Manu ya yi mata bayanin tudu da iska. Sai ta ce, "Karanta mini Tabara." Ya karanta surar tun daga farko har ƙarshe, tana sauraren numfashinsa. Sai da ya idar sannan ya ji ta fashe da kuka.

Da wa'adin aikinsa ya cika ya dawo gida. Yanzu maganin dabbobi yake sayarwa a Maigatari ranar Alhamis. Wani likita a Gumel ya auna shi ya ce zuciyarsa lafiya lau, A'i ta sa ya maimaita a gabanta. Duk da haka, idan Manu ya ɗora buhu ya ji ɗan haki, yakan tsaya ya dafa ƙirji har ya wuce. Makiyaya kan tambaye shi yadda lama take. Yakan ce daga kwance ya gan ta, abin da zai iya shaida shi ne ƙafarta, yatsu biyu da tafi mai laushi irin na raƙumi. Abin da ke damunsa shi ne bai samu ya tambayi tsohuwar me suke ba lama ta ci da rani ba.