Inna Almakashi da wayar fankarmu

Kullum kafin a buɗe kamfanin da ake yin wayoyin wuta, Inna Almakashi tana bakin ƙofa da tabaranta mai igiya a wuya. Aikinta gwaji. Duk wayar da za a tura ƙasashen waje, mai fulogi ƙafa uku ce ko mai ƙafa biyu, sai ta bi ta teburinta. Ta sa a na'ura, in na'ura ba ta yi kuka ba ta ciro, ta lanƙwasa wuyan fulogin, ta ja, ta bi robar da yatsa tun daga kai har wutsiya. Wadda ta ci sai kwali. Wadda ta faɗi kuwa, nan take za ta ɗauko almakashinta ta yi mata gunduwa-gunduwa. Inda sunan ya samo asali ke nan.

Abin da ya sa nake rubutun nan, shekaranjiya aikin matar nan ya tsare min ran 'yata, kuma labarin ya cika min baki.

Maigidana a kamfanin yake, ɓangaren ɗaure kwali. Lokacin ina da ciki wayar fankarmu ta ƙone, ga zafi, ni kuma ko numfashi da ƙyar. Sai ya hango wata waya sabuwa fil da Inna ta ware gefe, ya lallaɓa ya ce, “Inna, wannan tunda ba za ta hau jirgi ba, a bar min ita mana. Ai tana kawo wuta.”

Ta ce, “Tana kawowa. Taɓa nan kusa da wuya, ka ji robar ba kauri?”

Ya ce, “To ai gidana zan kai, ba ƙasar waje ba.”

Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, “Au, 'ya'yan mutanen can ne masu rai, naka na katako ne?” Ƙaras, ta datse ta a gabansa.

Ya dawo gida yana ta huci, wai tsohuwar nan ta yarfa shi a gaban abokan aiki. Washegari sai ga ta da wata wayar, ta je ofis da kanta ta nemo izini aka ba shi cikin na samfur da suka ci gwaji. Ya karɓa dai, amma ya daɗe yana yi mata gaisuwar sama-sama.

To yanzu 'yar tawa ta fara rarrafe, ga haƙora sun tsiro, komai ta samu sai baki, har babanta yake ce mata Ɓera. Shekaranjiya ina shanya a waje sai na ji ɗaki ya yi tsit. Na leƙa. Fanka tana juyawa, Ɓera tana zaune jikin bango ta kama wayar tana ta gaigaya, yawu sharkaf. Ban san sanda na kashe wuta na sure ta ba. Ita kuwa dariya take yi min. Da babanta ya dawo ya duba shatin haƙoran sai ya zauna a ƙasa. Daidai wuyan ne, wurin da waccan da Inna ta datse ba ta da kauri, amma haƙoran ba su huda robar ba.

Jiya muka ɗauki yarinya da waya muka je wajen Inna, don ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ta karɓi Ɓera ta yi mata wasa, sannan ta karɓi wayar ta bi ta da yatsa. Maigidana yana cikin cewa ajiye ta zai yi don tarihi, sai muka ji ƙaras.

Ya ce, “Inna, har wannan ma?”

Ta ce, “Ta yi aikinta, amma yau ta faɗi. Na san ka, gobe za ka naɗa mata salatif ka mayar.”

Inna, ke ce mai tsaron yaran da ba ki taɓa gani ba, a ƙasashen da ba ki taɓa zuwa ba, sai ga shi Allah ya kawo miki ɗaya har cinya. An ji haushinki, kin shanye, ba ki fasa yanka ba. Na gode, na gode. Allah ya huta gajiya, ya raya miki naki.

Wanda zai gaji teburin nan, don Allah ya gaji almakashin da taurin kan. Mu kuma iyaye, kowa ya leƙa bayan fankarsa yau. Tamu dai an cire ta daga ƙasa, maigidana da kansa ya kafe sabuwar wayar can sama, inda Ɓera sai dai kallo.