Rariyar da ba a bar Baba ya nuna ba

Haƙƙi ne a kan mai sayar da gida, idan ya tsaya ana dubawa, ya faɗi aibin gidan, ya kuma faɗi duk wani nauyi na maƙwabta da ke kansa. Bayan haka sai ya ja gefe, ya bar mai saye ya duba da idonsa. Haka na sani tun ina aikin rajistara a kotu, haka kuma maƙwabcina ya yi niyyar yi ranar da aka zo duba gidansa a Faskari. Ba a bar shi ya yi ba, kuma ina wurin.

Dattijo ne manomi, duk unguwa Baba muke ce masa. Gonarsa tana wajen ƙauyen Ruwan Godiya. Da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa gonar, sai babban ɗansa ya ce masa ya sayar da gidan ya koma wurinsa a Sabuwa. A bayan gidan akwai na wata tsohuwa, Hajiya, wadda mijinta ya rasu. Gidanta ba shi da mafitar ruwa zuwa titi. Ruwan sama yana bi ta wata rariya a gindin katangar da ta raba su, ya ratsa tsakar gidan Baba, ya fita ta gefen zaure. Iyayensu ne suka shirya haka da baki, kuma kowace shekara kafin ruwan farko Baba yakan sa fartanya ya share mata hanya.

Da rani aka zo dubawa, lokacin da karan dawa ke jingine a jikin katangar ya rufe rariyar. Baba ya roƙe ni in zo in zama shaida. Dillali ya riga mai sayen isowa, ya ja Baba gefe a gabana ya ce, "Baba, yau kai baƙo ne gidanka. In an yi tambaya, ni zan amsa."

Mai sayen wani Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi a Yankara, mutum mai fara'a. Ba zan ɓoye ba, Baba ya yi surutu fiye da kima. Ya bi su ɗaki-ɗaki da sandarsa. Ya nuna ƙyauren da ke cijewa da damina, ya faɗi shekarar da ya dasa lemun tsamin tsakar gida, ya nuna ɗakin da matarsa ta yi jinyar ajali. Duk inda Alhaji ya juya, sai ya tarar da shi a gabansa. Wanda ya tsufa a gida ba ya iya kallonsa kamar kaya a kasuwa, amma hakan ya gajiyar da baƙin.

"Baba," in ji dillali, "gida muka zo saye ko tarihi?"

Aka yi dariya. Kunya ta kama Baba. Da suka iso katangar baya sai ya daure, ya ɗaga sanda ya nuna karan. "Alhaji, akwai wata magana nan bayan karan ga..."

"Karan ma kyauta ne, Alhaji, Baba ya bar maka!" Dillali ya faɗa da ƙarfi, ya kama hannun tsohon ya kawo shi zaure wurina. "Malam, riƙe mana Baba, ƙafarshi ta gaji."

Baba ya zauna a kan tabarma yana haki. "Malam, rariyar Hajiya nike son in nuna mashi. Ka gaya masu, ni ba su jin tawa."

Da suka fito, Alhaji yana amsa waya har ya shiga mota. Na tare dillali na faɗa masa maganar dalla-dalla. Ya ce, "Haba Malam, nan ba kotu ba ce. Tun a hanya na yi mashi bayani." Na maimaita masa cewa sharaɗi ne a kan gidan, ya ce ya ji. A Yankara aka ƙulla cinikin, tsakanin Alhaji da dillali da ɗan Baba, bayan tsohon ya riga ya tafi Sabuwa.

Alhaji ya mayar da gidan ɗakin ajiyar hatsi. Magina suka shafe katangar da siminti, suka toshe rariyar. Ranar ruwan farko na tarar da Hajiya tsaye cikin ruwa har idon sawu, tana kwasa da kwano tana kaiwa ƙofar gida. Katangar ɗakin kwananta ta ƙasa ce, gindinta ya riga ya jiƙe. Alhaji ya rantse ba wanda ya gaya masa, kuma na gaskata shi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wasu ke cewa Baba ne ya ɓoye don kada ciniki ya lalace.

Na je Sabuwa na gaishe shi. Ban gaya masa abin da ake faɗa ba. Bayan gaisuwa, tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, an share wa Hajiya rariya kuwa?"

Saboda haka nake roƙon mai unguwa da dattawan masallacinmu, cikin girmamawa, su kira dillalin da Alhaji su zauna, a tambayi dillali bayanin da ya ce ya yi, a kuma aika Sabuwa a ji ta bakin Baba, a wanke shi a gaban jama'a. Ina shirye in ba da shaidar abin da na gani. Kafin duk wannan, ina roƙon a buɗe rariyar tun ruwa bai yi ƙarfi ba, domin Hajiya har yanzu a ɗakin nan take kwana.