Ajiya ta huɗu, wadda ya bari a Faransa

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Baban Abba, wanda masu garka daga Shetimari har Difa suka sani da Ari mai tattasai. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara in ranar ta zagayo nakan dafa shinkafa in raba, in koma ɗakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba. Raina a ɓace yake, kuma ina so wanda ya ɓata shi ya ji a jarida, tunda da na faɗa masa a tsakar gida dariya ya yi.

Sai na fara da tafiyarmu Faransa, don can maganar ta samo asali.

Ni ba mai son tafiya ba ce. Ko Maine aka ce in je biki sai na kwana uku ina neman dalili. Amma Baban Abba yana da aboki nasara, Piyar, wanda ya yi shekaru a bakin kogin Komadugu yana koya wa mutane gyaran injin ban ruwa. A garkarmu yake cin abincin rana, yaji na sa shi hawaye yana miƙo kwano a ƙara. Da ya koma ƙasarsu bai huta ba sai da ya yi mana takardu, muka tafi a hutun lekol, wato makarantar yara, mu huɗu. Abba yana da shekara shida, ƙanwarsa Fanna huɗu.

Ƙauye ne na gaske, shanu sun fi mutane yawa. Rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama. Fanna ta bi agwagi har ta zurma cikin tabki da takalmanta sababbi. Abba ya shinshina cukunsu ya ce, "Inna, wannan ya mutu tun jiya." Ranar farko Odil, matar Piyar, ta tambaye ni ko a ƙara mini abinci, na ce a'a don kunya, ina jiran ta sake tambaya. Ta ɗauke kwanon! Tun daga nan na koyi amsawa a tambayar farko. Mutanen kirki ne, wallahi. Amma Baban Abba bai zauna ba. Kullum da safe sai ya bugo waya gida yana tambaya ko ruwa ya iso kogi, don lokacin renon tattasai ne.

To, ga yadda yake aikinsa. Irin tattasanmu na kakansa ne: mai nama, mai ja sosai, in ya bushe ba ya yin fari. Daga tsinka ta biyu yake zaɓar iri, ya shanya a inuwa, ya cuɗa da toka, ya ƙulle a tsumma. Kuma ba ya yarda iri ya kwana a rumbu ɗaya. Ƙulli guda a gida, guda wurin amininsa a Barwa, guda wurin wani a Maine, kowa ya shuka kaɗan duk shekara don kada ya mutu. Ashe ya ɗinke ƙulli na huɗu cikin aljihun 'yar cikinsa, ko ni ban sani ba.

Ana saura kwana biyu mu dawo ya fito da shi a lambun Piyar. Piyar ya yi murna, ya ce mersi, wato na gode.

"Ba mersi ba ne, abokina," in ji shi. "Ba kyauta ba ce. Ajiya ce. Ranar da na ce ka ba ni, za ka ba ni."

Piyar ya ce yanzu sanyi na tafe, sai baɗi. Duk da haka Baban Abba ya sa aka kawo tukunyar ƙasa, ya tsugunar da yaran, ya nuna yadda ake danna iri da babban yatsa, kada ya wuce rabin farce. Ya kafa sharaɗi: a shuka duk shekara, nesa da kowane tattasai don kada ya gauraya. Ni kuwa dariya na yi masa. Na ce, "Kai mai ajiya uku a ƙasarka, har sai ka ɗora wa baƙo wahala?" Wannan dariyar har yau tana ci mini rai.

Kun san abin da ya biyo baya, ba sai na tuna wa mutanen Difa ba. Bindiga ta shigo kwarin. Mutanen Barwa suka gudu da abin da ke jikinsu, ajiyar can ta tafi. Aka yi lokacin da ko sayar da tattasai an hana. Na Maine, iyalin suka bar noma da taki ya gagara, ban ga laifinsu ba. Saura na gida. Baban Abba ya riƙe shi har ciwon da ya ɗauke shi.

Wanda nake ganin laifinsa shi ne ƙaninsa, Gana, da garkar ta koma hannunsa. Ba a yi sadakar arba'in ba ya zo ya kwashe buhunan da ke rumbu, har tattasan da aka ware na iri, wanda ke rataye daban da jan zare a jiki. Wai buhu bai cika ba. Ƙullin tsumman kuwa ya ce ya zubar, ya ga toka ce. Yaron da a hannun yayansa ya koyi riƙon hauya, a ce bai san toka ba? Ya sayo irin gwangwani daga kasuwa, wanda ke yin girma kamar kan jariri, in ya bushe ya zama takarda.

Ina ta tunani, da Baban Abba zai leƙo yau, me zai ce? Ba na jin zai yi mamakin bindiga ko ambaliya, ai don irinsu yake raba ajiya. Abin da zai ba shi mamaki, ɓarnar daga cikin gida ta fito.

Fanna ce ta nemo Piyar a waya. Ya tsufa. Ta ce, "Kawu Piyar, ajiyar Baba fa?" Ya juya wayar ya nuna mana wani ɗakin gilashi a ƙarshen lambu, tattasai ja wur, shi kaɗai. Shekara goma sha biyar bai tsallake ko ɗaya ba. Odil ta ce har yau da toka yake cuɗawa, maƙwabta na yi masa dariya. Bara ya ba wani mai zuwa Yamai ambulan da irin a ciki, daga can ta iso Difa.

Na kai wa Gana, na roƙi fangali biyu kawai cikin garkar yayansa. Ya ce sai baɗi. Baɗin ta zo, na tare shi a tsakar gidanmu.

"Haba matar Yaya," in ji shi, "tattasan da ya sha sanyin Faransa? Ai sai kin ɗinka masa suwaita."

Na ce, "Gana, irin tattasai ba ya jira. In ya ƙara shekara a takarda, ya mutu."

"To ki dafa shi mana, mu ji ko ya iya Faransanci."

Abba ma bai taimake ni ba. Shi abin da ya riƙe daga tafiyar, hanyoyi masu kyau da wutar da ba ta ɗaukewa. Wai Baba ya kai su ne su ga inda ake rayuwa. Ƙarya kake, ɗana. Ina wurin. Ubanka yana tsakiyar Faransa zuciyarsa na bakin Komadugu.

Ni ban taɓa noma ba, tuwo na iya da surutu. Amma na huda tsofaffin robobin wanki uku, na cika da ƙasa a tsakar gida. Fanna ta tsuguna, ta danna da babban yatsa, rabin farce. Ta ce ba ta tuna jirgi ba, ba ta tuna agwagi ba, wannan kaɗai ta tuna. Fiye da rabi bai fito ba, shekarar da Gana ya ci mana ce. Sauran sun tsiro. Maƙwabciyata Ya Kellu, wadda gudun hijira ya kawo daga tsallaken kogi, ta leƙo ta gani. Garkar aro take nomawa, 'yar ƙarama, amma ta ce in kawo dashe, ta ba ni fangali biyu.

Baban Abba bai bar gidan bene ba, garkarsa ma ba ta hannunmu. Abin da ya rage nasa shi ne ganyen nan da ke cikin robobina, da yatsan 'yarsa. In Allah Ya kai mu tsinka ta biyu zan ƙulla huɗu, ɗaya ya koma wurin Piyar.

Kai kuma Gana, na san za ka zo ranar da masu saye suka ga jan nan. Zan ba ka, don da yayanka na nan, da zai ba ka. Amma sai ka tsuguna a tsakar gidan da ka yi mini dariya, ka faɗa da bakinka cewa ajiya ce.